Haɗa Magani da Horon Ƙwaƙwalwa ga Yaro Mai TDAH: Tambayoyin Iyaye a Yamai

Larurar da likitocinmu ke rubutawa TDAH a takarda, masu karatun Ingilishi kuma suke cewa ADHD, ita ce ta ƙarancin natsuwa da yawan motsi da garaje. Iyayen da suka ci karo da tallan horar da ƙwaƙwalwa da na'ura, wanda ake kira niyurofidbak, tambayarsu kusan ɗaya ce: zai iya maye gurbin magani, ko haɗa su ake yi? A taƙaice, magani ne ke da ƙwaƙƙwarar hujja. Horon ƙari ne mai cin kuɗi da lokaci, kuma idan za a haɗa, akwai yadda ake jera su don a san wanda ke aiki.

Ɗana ba ya zama wuri ɗaya. Ke nan yana da TDAH?

Ba lallai ba. Ƙiriniya halin yara ce. Ma'aunin da likitoci ke bi yana da alamomi 9 na rashin maida hankali da wasu 9 na yawan motsi da garaje. Sai yaro ya cika aƙalla 6 a rukuni ɗaya, ko 5 idan ya kai shekara 17. Sai alamomin sun daɗe wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu ko fiye: gida da lakwal, ko lakwal da makarantar allo. Sharaɗin da ya fi muhimmanci shi ne suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane.

Kusan yara 5 cikin 100 ke da ita a duniya, kuma gado na da ƙarfi a cikinta, shi ya sa sau da yawa idan ana karanto alamomin sai uwa ta kalli uba. Ƴan mata ne aka fi tsallakewa, don tasu takan zo ba hayaniya: yarinya tana zaune shiru a aji, hankalinta yana wani gari, a gida a aike ta abu uku ta dawo da ɗaya, a ce mata sakarya. Bulala ba ta gyara wannan.

Me ya kamata a duba kafin a yi maganar magani ko na'ura?

A ƙasarmu wannan matakin ya fi ko'ina nauyi, domin abubuwa da dama suna kama da TDAH alhali ba ita ba ce. Yaron da ya yi sanƙarau yana iya rasa wani ɓangare na ji, ya zauna a bayan aji bai jin malam, a ɗauka shashanci ne. Wanda masassarar cizon sauro ta taɓa wa ƙwaƙwalwa har ya suma yakan fito da matsalar natsuwa daga baya. Ƙarancin jini, ciwon sikila, yunwar safe, minshari mai katse barci, rashin gani da kyau, gubar dalma wadda wasu nau'o'in kwalli ke ɗauke da ita, duk suna rage maida hankali. Haka nan yaron da ya shiga CI bai san kalma ɗaya ta Faransanci ba, dole ya yi ta mutsu-mutsu a aji mai cunkoso.

Abu biyu sun cancanci a ja musu layi. Na farko, akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum: yaro ya ƙura ido na ƴan sakan kaɗan, ya tsaya cak, ya dawo bai san abin da ya wuce ba, sau da yawa a yini. Gwajin EEG na asibiti, wato awon lantarkin ƙwaƙwalwa, shi ne ke nuna ta, inda ake sa yaron ya yi ta jan numfashi da ƙarfi na kimanin minti 3. Na biyu, fenobarbital, wato Gardénal, da ake yawan ba masu farfaɗiya, shi kansa yana sa wasu yara rawar kai da saurin fushi. Idan yaronku yana shan sa, ku faɗa wa likita tun a zaman farko, kada kuma ku tsayar da shi da kanku.

Likitan yara, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko likitan lafiyar hankali ne ke yanke hukunci. A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai akwai sashen lafiyar hankali, wanda aka fi sani da Pavillon E. Sunan yana tsorata mutane, amma kai yaro a duba natsuwarsa ba ya nufin an ce ya haukace.

Wai shi horon nan, me ake yi wa yaron takamaimai?

Ƙwaƙwalwa tana fitar da lantarki mai rauni ƙwarai, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukarsa a jikin mutum a 1924. Lantarkin yana kaɗawa, ana kuma rarraba shi bisa yawan kaɗawarsa cikin sakan ɗaya. Teta tana kaɗawa sau 4 zuwa 8, tana yawaita idan mutum yana gyangyaɗi ko hankalinsa ya tafi. Alfa 8 zuwa 12, ta hutawa ce. Beta 13 zuwa 30, tana tafiya da aikin tunani. Akwai wata tsakanin 12 da 15 da ake kira SMR, wadda ke fitowa idan jiki ya lafa amma hankali na farke.

A wasu masu TDAH, ba dukansu ba, teta ta yi wa beta yawa. A kan wannan aka gina horon. Barry Sterman ya fara nuna cewa kyanwa ma tana iya koyon ƙara SMR idan ana saka mata da abinci, a Amurka cikin shekarun 1960. Joel Lubar na Jami'ar Tenesi ya gwada shi a kan yaro mai yawan motsi a 1976. Daga baya masana a Tubingen ta Jamus suka fito da hanya ta uku, ta sarrafa sauyin lantarki mai tafiya a hankali, wadda ake kira SCP. Waɗannan ukun, wato teta da beta, SMR, da SCP, su ne aka fi yin bincike a kansu.

Ga yadda zama yake. Mai horon zai auna kan yaro da tef, daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, sannan daga kunne zuwa kunne, ya sami tsakar kai, wurin da suke kira Cz. Zai goge wurin da wani mai mai ɗan kaushi don cire datti da maiƙo, ya cika ɗan faifan ƙarfe mai girman maɓallin riga da wani kulli mai ɗaukar lantarki, ya manna. Wasu biyu su tafi kunnuwa ko bayansu. Sai ya duba a kwamfuta ko mannin ya kama. Yawanci ana son juriyar fata ta yi ƙasa da kilo-om 5, in ta yi yawa 10. Za a ɗauki minti 2 ko 3 yaro yana zaune haka nan, don a san inda ya tashi a ranar. Daga nan a buɗe wasa ko majigi: idan teta ta sauka beta ta hau, hoton ya yi haske ko jirgi ya ci gaba, idan ta koma sai ya dushe. Ana saita ma'aunin yadda yaro zai riƙa cin nasara kamar kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na lokacin, kada ya yi sauƙin da ba a koyon komai, kada ya yi tsananin da zai fid da rai. Ana yi gutsure-gutsure na ƴan mintoci da hutu a tsakani.

Babu lantarkin da ke shiga kan yaro. Wayoyin saurare kawai suke yi. Zama ɗaya da shirinsa yakan ci minti 45 zuwa awa ɗaya, sau 2 ko 3 a mako, jimilla zama 30 zuwa 40. Wata uku zuwa biyar ke nan na zirga-zirga.

Maganin fa, wane ne, kuma yaya ake shan sa?

Wanda aka fi farawa da shi ga yara masu shekara 6 zuwa sama shi ne metilfenidat. Sunayensa na kasuwa sun haɗa da Ritaline, Concerta, Medikinet da Quasym. Tsohon magani ne, an haɗa shi a Suwizalan tun 1944. Yana ƙara yawan sinadaran dofamin da noradirenalin a mahaɗar jijiyoyin da ke riƙe hankali. Kusan yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi bayyananne.

Iri biyu ne. Mai saurin aiki yana kamawa cikin kimanin rabin awa, ya ƙare bayan awa 3 zuwa 4, don haka ana shan sa sau 2 ko 3 a yini. Akan fara da miligiram 5 sau ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa mako-mako har a sami inda ya dace, ba a kuma wuce miligiram 60 a yini ga yaro. Mai dogon aiki sau ɗaya ake sha da safe. Concerta, alal misali, yana zuwa a miligiram 18, 27, 36 da 54, yana kai kusan awa 12. Ba a fasa shi, ba a tauna shi, ba a daka shi a zuba a koko, domin haka zai saki na yini guda a lokaci ɗaya. Idan kuka ga ɓawon ƙwayar a bayan gidan yaro, kada ku damu, haka aka yi ta.

Idan metilfenidat bai karɓi yaro ba, akwai atomoksetin, wanda aka sani da Strattera. Shi da nauyin jiki ake lissafinsa: a fara da rabin miligiram ga kowane kilo, bayan mako guda a kai kimanin 1.2. Kullum ake shan sa ba fashi, kuma sai an yi haƙurin mako 4 zuwa 6 ko fiye kafin a ga amfaninsa.

Metilfenidat yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara wa tsaro, kuma ba ya cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A Faransa ma takardar likita ba ta wuce ta kwana 28. Saboda haka kafin a fara, ku zauna da likita da mai farmasi ku tabbatar ta inda zai riƙa zuwa kowane wata. Idan wani zai taho da shi daga waje, ya riƙe ordonans da wasiƙar likita, kwali kuma a rufe.

To haɗa su biyun ya fi magani kaɗai?

Nan ne tallan da binciken suka rabu.

Binciken da masu horon suka fi ambata na Vincent Monastra ne, na 2002 a Amurka. Yara 100 duk suna shan Ritaline, 51 daga ciki aka ƙara musu horo. Bayan shekara aka tsayar da maganin na mako guda, sai aka ga waɗanda suka yi horon ne kaɗai suka riƙe sauƙinsu. Labari mai daɗi, sai dai iyaye ne suka zaɓi rukunin da ƴaƴansu suka shiga. Gidan da ya zaɓi ɗaukar wahalar zama da dama a shekara, dama can ya bambanta da wanda bai zaɓa ba.

Da aka fara raba yara ta hanyar ƙuri'a, hoton ya canza. A Nowe, a 2012, an raba yara 91 gida uku: horo kaɗai, magani kaɗai, da haɗin biyun. A idon iyaye duk sun samu sauƙi, haɗin bai fi sauran ba. A Holan, a 2016, an gwada yara 112 tsakanin horo, metilfenidat da motsa jiki, magani ya wuce sauran biyun wajen natsuwa.

Gwajin da ya fi kowanne tsauri shi ne wanda aka buga sakamakonsa a 2021 a Amurka, da yara 144 masu shekara 7 zuwa 10, zama har 38. Wasu an yi musu horo na gaskiya. Wasu an manna musu wayoyi iri ɗaya, amma abin da ke motsa wasan lantarkin wani yaro ne da aka naɗa tun da farko. Yaran ba su san nasu ba, iyaye ba su sani ba, malamai da masu horon ma haka. Rukunin biyu duk sun samu sauƙi sosai, kuma ba bambancin a zo a gani tsakaninsu. Abu ɗaya ya ɗan fito: a wata na 13, waɗanda suka yi na gaskiyar sun buƙaci magani ƙasa da na ɗaya rukunin. Alama ce mai ban sha'awa, amma ita kaɗai ba ta isa a gina alkawari a kanta ba.

A ƙarshen 2024 aka tattara gwaje-gwaje 38 masu mutum 2,472 aka auna su tare. Idan aka tambayi waɗanda ba su san me aka yi wa yaro ba, kamar malamai, horon bai nuna tasiri mai ma'ana ba. Da aka ware hanyoyi ukun nan da muka ambata, an ga ɗan tasiri ƙarami.

Me ya sa iyaye ke ganin canji ke nan? Ba ƙarya suke yi ba. Yaron da ya zauna sau 40 gaban babba mai haƙuri, ana yaba masa duk lokacin da ya natsu, lalle ya koyi wani abu, ko da wayoyin ba sa yin komai. Ga shi yana ƙara girma cikin watannin. Sannan uwar da ta biya kuɗi, ta yi ta ƙetare gada daga Harobanda da yaro cikin rana, idonta yana neman sauƙin da ta wahala dominsa. A ganinmu, wanda yake da hali yana iya ƙara horon a kan magani, matuƙar ya san abin da yake saya. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sa su a ganin likita, magani, da malamin da zai zauna da yaron shi kaɗai.

Idan mun yanke za mu haɗa, wanne za a fara?

Ba a tauna taura biyu lokaci guda. Idan aka fara su rana ɗaya, yaro ya samu sauƙi ko ya fara ciwon kai, ba wanda zai iya cewa daga wanne ne.

Kafin komai a rubuta inda aka tashi: nauyi, tsawo, bugun zuciya, awon hawan jini, da tarihin dangi, musamman idan akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi ko mai ciwon zuciya tun haihuwa. A cika takardar auna alamomi, kamar SNAP-IV wadda akwai ta da Faransanci, ɗaya daga iyaye ɗaya daga malam. Tana da tambayoyi 18 a kan alamomin TDAH, kowace ana ba ta maki 0 zuwa 3. A lokaci guda a gyara abin da ba ya cin kuɗi: a dawo da yaro bencin gaba, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, aikin gida a yanka shi minti 10 zuwa 15, lokacin barci tsayayye, yabo nan take idan ya yi daidai.

Sannan magani. Daidaita shi yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Idan an sami adadin da ya zauna, a bar shi haka kamar wata guda, a sake cika takardar. Abin da ya rage na matsala a wannan lokacin, shi ne za a ce horon ya gwada. A rubuta shi ƙarara, misali yana zama kan aikin gida minti 8, muna so ya kai 20. A zama na 15 zuwa 20 a sake aunawa. Idan takardar malam ba ta motsa ba, kuma zanen da kwamfuta ke fitarwa bai nuna yaron yana koyon sarrafa lantarkin ba, babu dalilin biyan sauran.

Yaron da bai kai shekara 6 ba, horar da iyayensa ake farawa da shi, na'urar ma ba za ta same shi a zaune ba.

Ranar horo, a ba shi maganin ko a tsallake?

A ba shi kamar kullum. Metilfenidat yana rage teta, saboda haka abin da na'ura za ta karanta ya danganta da awa nawa da shan magani. Abin da ake so shi ne daidaito: idan zaman Talata awa biyu ne bayan sha, na Alhamis ma ya zama haka. Lokacin da ya fi muni shi ne daidai sa'ar da maganin ke sakin jiki, galibi da la'asar, domin wasu yara sukan yi fushi da kuka na kamar rabin awa zuwa awa. Duk ranar da likita ya canza adadi, a faɗa wa mai horon ya sake saita ma'auninsa, in ba haka ba zai ɗauki aikin ƙwaya a matsayin nasararsa.

Me ke ɓata zama?

Zufa ce ta farko. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke wuce digiri 40, gumi yana narkar da kullin, faifan ya zame, layin da ke kan kwamfuta ya riƙa hawa da sauka a hankali kamar teta ce ta yi yawa. Ɗakin yana buƙatar sanyi, fanka kuma kada ta riƙa kaɗa wayoyin.

Sai gashi. Man kaɗanya da sauran man kitso suna hana lantarki wucewa. A wanke kai daren ranar, kada a shafa komai. Yarinya a yi mata kitson da ya bar tsaga a tsakar kai.

Sai wuta. Tamu tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma idan ginin ba shi da wayar ƙasa mai kyau, ko ana kan injin wuta, ko caja na kusa da kan yaro, ƙararta tana shiga awon. Kwamfuta mai aiki da batirinta, a cire ta daga bango, ta fi tsabtar sakamako.

Wanda ya fi wayo shi ne na yaron kansa. Cije haƙora, ɗaure fuska ko ɗaga gira suna fitar da lantarkin tsoka, na'ura kuma tana iya karanta shi a matsayin beta. Yara suna gano wannan da wuri, su yi ta cin maki da muƙamuƙi. Ƙifta ido kuma yana shiga a matsayin kaɗawa mai tafiya a hankali. Mai horon da ya san aikinsa idonsa na kan ɗanyen layin EEG da fuskar yaro. Wanda ya manna wayoyi ya fita amsa waya, majigi kawai ya kunna wa ɗanku.

Shayi mai kauri, kofi da goro kafin zama suna canza awon. Haka rashin barci, da magungunan mura masu sa gyangyaɗi.

Wace illa za mu sa wa ido?

Ta horon kaɗan ce: gajiya, ciwon kai, ɗan fushi bayan zama, ko ƙaiƙayi a wurin manni. Illarsa babba ita ce watannin da zai iya cinyewa idan ya sa aka jinkirta abin da ke aiki.

Ta metilfenidat ta fi bayyana. Rashin cin abinci ne kan gaba, musamman da rana. A ba yaro karin kumallo mai nauyi kafin ko tare da ƙwayar, a bar masa abincin dare mai yawa, fura da nono ko gyaɗa da dabino idan yunwa ta dawo. Kada a sayo masa sirop ɗin buɗe ciki ba da sanin likita ba, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sa barci. Akwai kuma wahalar yin barci, wadda ake magancewa da hana sha bayan ƙarfe 4 na yamma, da ciwon kai ko ciki a makonnin farko. Bugun zuciya da awon jini sukan ɗan hau. Tsawo yana iya raguwa da santimita 1 zuwa 2 a shekarun farko, shi ya sa ake auna nauyin yaron da bai wuce shekara 10 ba duk wata 3, tsawo da awon jini duk wata 6. Idan yaro ya zama shiru kamar ba shi ba, adadin ya yi yawa, a koma wurin likita.

Ciwon ƙirji, suma, ko ganin abin da babu, a tsayar da maganin a tafi asibiti ranar. Mai shan atomoksetin kuma, idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko ya fara maganar cutar da kansa, haka nan.

A ajiye ƙwayoyin a kulle, wuri mai sanyi. Yawancin kwalaye suna cewa ƙasa da digiri 25 ko 30, wato aljihun mota da taga ba wurinsu ba ne.

Ba zai kamu da shi ba kamar masu shan taramol?

Tsoron yana da dalili ga duk wanda ya ga abin da taramol ya yi wa matasa. Amma taramol dangin magungunan kashe zafi ne masu kama jiki, hanyarsa daban. Metilfenidat da aka sha ta baki, a adadin likita, bincike mai bin yara shekaru bai nuna yana ƙara haɗarin shaye-shaye ba. Haɗarin yana wurin a ba aboki, a sayar, ko a daka a shaƙa. Babba ne zai riƙe kwalin, ya riƙa ƙirga ƙwayoyin. Duk abin da mai tallan magani a tire ya ce maganin natsuwa ne, ku bar masa kayansa.

Bayan horon za mu iya rage maganin ko mu daina?

Ana iya gwadawa, amma likitan da ya rubuta shi ne zai tsara, ba mai na'ura ba. Dama ko ba horo, ana so a duba sau ɗaya a shekara ko har yanzu yaro na buƙatarsa. A zaɓi tsakiyar zangon karatu, nesa da jarrabawar CFEPD ko BEPC, ba farkon shiga sabon aji ba, ba kuma lokacin hutu ba, don a hutu ba abin da ke gwada natsuwa. A rage mataki ɗaya, a jira mako 2, malam ya cika takarda, zai fi kyau idan bai san makon da aka rage ba. Idan maki suka lalace, a koma inda ake.

An ce mana taswirar ƙwaƙwalwa mai launi ta tabbatar da cutar. Haka ne?

A'a. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'urar auna teta da beta a 2013 a matsayin mataimakiyar likita kawai, kuma a 2016 ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta ƙasar ta ba da shawarar kada a dogara da wannan awo wajen tabbatar da TDAH. Yaro mai gyangyaɗi ma zai fito da jan launi.

Muna Tawa. Yaya za mu yi da zama 40? Ko mu sayi irin na ɗaurawa a goshi?

Daga Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso ya haura kilomita 500, ba hanyar da za a bi sau biyu a mako ba ce. Magani ya fi dacewa da nesa, domin bayan an daidaita shi, awon nauyi da jini ana iya yinsu a asibitin gari a aika wa likita. Mai son horon dole, sai babban hutu: zama 3 a mako na mako 12 ya ba da 36. A karɓi takardar malam a watan Yuni, a sake karɓa a Nuwamba, a kuma tuna cewa malamin ya canza, idonsa daban.

Na goshin da ake sayarwa a intanet busassun faifai gare su, a wurin da ƙifta ido da tsokar goshi suka fi damun awo. A wani gwaji a ƙasashen Turai 5, wanda aka buga a 2022, an ba iyalai na'urar gida mai inganci irin ta asibiti, likitoci na bibiya daga nesa, duk da haka ba ta kamo metilfenidat ba.

Da azumi fa?

Yaron da bai balaga ba ya ci gaba da shan maganinsa. Matashin da ke azumi yana iya shan mai dogon aiki da sahur, ya san zai sake shi tun kafin magariba. Kada a maida metilfenidat bayan buɗa-baki, zai hana barci. Atomoksetin kuwa ana iya maida shi dare tare da abinci. A tsara wannan da likita tun a Sha'aban. Zaman horo da yamma cikin ƙishirwa ɓata kuɗi ne, a maida shi safe ko a dakata sai bayan salla.

Me za mu tambayi mai horon kafin mu biya?

Me ya karanta, kuma a ina ya koyi karanta EEG. Wace hanya yake bi cikin ukun nan, wane wuri a kai, wane zango. Ko zai nuna muku zanen kowane zama. Ko yana sa gwajin da ake kashe wasan a ce yaro ya yi da kansa, domin a aji ba kwamfuta. Ko ya yarda ya yi magana da likitanku, ya kuma yarda a tsaya a zama na 20 idan ba ci gaba.

Kuɗin a lissafa shi gaba ɗaya tun farko. A ce misali zama ɗaya jika goma ne, zama 40 ya zama sefa 400,000, ban da taksi da awannin aikin da uba ko uwa za su rasa. Ku biya kashi-kashi. Wanda ya ce zai warkar da larurar har abada, ko na'urarsa ɗaya tana maganin TDAH da farfaɗiya da rashin magana, ko ya ce ku tsayar da ƙwaya kafin ya fara, ku ɗauki ɗanku ku fita.

Ni babba ne, kuma na ga kaina cikin alamomin nan. Amsar ɗaya ce?

Kusan ɗaya. Kimanin manya 2 zuwa 3 cikin 100 suna da ita. A Tubingen, a 2017, an gwada manya tsakanin horo na gaskiya, na bogi, da zaman koyon dabarun tsara tunani da aiki a rukuni, horon gaskiyar bai fi ko ɗaya ba, na rukunin kuma ya fi ƙarancin zama. Babba sai an duba masa hawan jini da zuciya da kyau kafin metilfenidat, ya kuma faɗi duk abin da yake sha, domin wasu magungunan damuwa kamar fuluwoksetin suna ƙara yawan atomoksetin a jini. Mace mai ciki, mai shayarwa, ko mai shirin ɗaukar ciki ta sanar da likita kafin ya ɗauki alƙalami.